Kafin Hadarin Farko: Yadda Za Ku Hana Bishiyar Gida Faɗo Muku a Kan Rufi

Duk wanda ya yi 'yan shekaru a ƙasar nan ya san yadda damina ke buɗe baki. Rana ta yi ta ƙuna har la'asar, gari ya yi ɗif kamar an toshe shi, sai a ga gabas ta yi jawur, can kuma ta koma baƙi ƙirin. Kafin mata su gama kwashe shanya iska ta iso, kuma cikin minti goma ko sha biyar take gama abin da ya kawo ta. Mutanen Bauchi ba su manta da ta watan Yunin 2018 ba, wadda ta zo ana tsakiyar shagalin ƙaramar sallah, ta yaye rufin gidaje, ta karya turakun wuta, ta tuge bishiyoyi, har aka rasa rayuka.

Tawa ba ta kai wannan ba, amma ta ishe ni karatu. Darbejiyar da na gada a tsakar gida, wadda a inuwarta aka raɗa wa 'ya'yana uku suna, ta kwanta a kan kicin wata Talata da magariba. Allah ya tsare, uwargida ta fito ɗibar ruwa ke nan. Na yi ta zagin iska har sai da wani tsohon malamin daji ya zo jaje. Ya tsuguna ya leƙa ramin da saiwar ta bari, ya ɗago kai ya ce, "Malam, wa ya sare mata ƙafa?" Ni ne. Shekara biyu kafin nan na sa an haƙa sokawe taku uku daga gindinta, masu haƙa suka datse saiwoyi biyu masu kaurin cinya, ni kuma ina tsaye ina yi musu sannu da aiki. Ga abin da na tsinta tun daga ranar, kusan duk ba ya cin kuɗi.

1. Kada taurin katako ya ruɗe ku.
A kudu maso gabashin Amurka akwai wata bishiya da ake kira magnoliya, mai faffaɗan ganye mai sheƙi da farin fure kamar ƙaramin faranti, wadda jihar Misisipi ta ɗauke ta a matsayin bishiyar jiha. Katakonta tsaka-tsaki ne, ko kusa bai kai kiryar da muke sassaƙa turmi da ita ba, amma da masanan Jami'ar Fulorida suka bi unguwa-unguwa suna ƙirga wadda ta tsaya da wadda ta faɗi bayan mahaukatan guguwar da aka yi daga 1992 zuwa 2005, sai ga magnoliya a sahun gaba na masu juriya. Abin da ke riƙe ta shi ne kututture ɗaya miƙaƙƙe, rassa masu ƙanƙancewa yayin da ake hawa sama, da saiwoyi masu bazuwa nesa da inda inuwarta ta tsaya. Mu ma muna da shaida a gida: jikin kuka wuƙar kicin ma tana shigarsa, amma sau nawa kuka ga iska ta kayar da ita?

2. Darasin za ku ɗauka, ku bar musu bishiyar.
Magnoliya ƙasa mai danshi take so, bazarar Katsina ko ta Damagaram za ta gasa ta kafin ta yi reshe biyu. Ku riƙe abu uku da ta nuna, wato saiwa, siffa da fili, ku auna duk bishiyar da ke gidanku da su.

3. Ku tuna daga ina hadari ke taso muku.
A ƙasarmu hadarin damina daga gabas yake zuwa yana yin yamma, iskar da ke gabansa ita ce mai ɓarna. Don haka doguwar bishiyar da ke gabas da ɗakin kwana ta fi zama abin lura, domin in ta tashi faɗuwa ɗakin za ta nufa. In sabon dashe za ku yi, ku kai dogaye yamma da ɗaki, ga ribar inuwar la'asar a kan bango kyauta.

4. Ku auna tsawonta da inuwa.
Ku kafa sanda a tsaye a fili da hantsi, ku jira lokacin da inuwar sandar ta yi daidai da tsawonta. A wannan lokacin inuwar bishiya ma daidai take da tsawonta, sai a taka a ƙirga. Duk abin da ke cikin wannan tazara, ɗaki ne, garken awaki ne, ko inda ake ajiye mota, yana cikin abin da za ta iya tararwa.

5. Zaiti na bakin gona ne.
Bishiyar turare, wadda wasu ke kira zaiti, daga Ostireliya aka kawo ta, kuma ko a can an san ta da sakin babban reshe ba sallama, wani lokaci ma babu ko iska. Tana saurin girma, tana ba da sandunan rumfa masu kyau, shi ya sa muke son ta. Amma in tana cikin gida ta wuce tsawon rufi sau biyu, ku sare ta ku sayar da itacen tun kuna da zaɓin inda za ta faɗi.

6. Madaci sai mai fili.
Wannan namu ne, ɗan gida, kuma Turawa sun jera shi a titunan garuruwa da dama saboda inuwarsa. An kai irinsa birnin Darwin a arewacin Ostireliya, aka shuka shi a wuraren shaƙatawa da bakin hanyoyi, ya yi girma na ban mamaki. Da guguwar Marcus ta zo a watan Maris na 2018, madaci na cikin waɗanda suka fi zubewa a birnin, saboda kan ya yi nauyi saiwa kuma ba ta yi zurfi ba. A fegi mai ɗakuna huɗu da zaure babu inda madaci zai miƙe ƙafa, ku bar shi ga makarantu da filayen idi.

7. In kuna da haƙuri, ku dasa tsamiya.
Rassanta na lanƙwasawa su dawo, ganyenta ƙanana ne iska na ratsa su, saiwarta kuma na nitsewa ƙasa sosai. Aibinta ɗaya, ba ta sauri, wataƙila jikoki ne za su fi morar inuwar. Na san akwai masu gudun tsamiya a gida saboda zancen aljanu. Wannan kuma tsakaninku da malaminku, ni maganar iska nake yi. Giginya da goriba ma iska ba ta cika samun abin kamawa a jikinsu ba, sai dai ƙwallon giginya in ya faɗo a kan yaro ba wasa ba ne, kada a shimfiɗa tabarma ƙarƙashinta lokacin da take nuna.

8. Zogale da gwanda, ku riƙe su a ƙasa.
Jikin zogale ruwa-ruwa ne, ƙaramar iska ma karya shi take yi. Ku riƙa datse kansa daidai kafaɗar mutum, zai fito da rassa da yawa, uwargida ta tsinki ganye ba tare da neman gora ba. Gwandar da ta yi tsawo ta ɗauki 'ya'ya kuwa, a rage mata kaya kafin ruwan farko, ko a tokare ta da sanda mai baki biyu daga yamma.

9. Ku yaga leda ku duba kafin ku biya.
Dashen da ya daɗe a leda saiwarsa na naɗewa tana zagaye kanta kamar gammo, kuma ko an dasa shi haka za ta ci gaba. Bayan shekara takwas ko goma sai a ga bishiya ta tuge kamar an zare ta daga tukunya, babu saiwar da ta bazu. Masu sayar da dashe a bakin titi sun san muna son dogo, amma ƙarami mai kamu ɗaya ko biyu ya fi, yana kama ƙasa da wuri, ya fi arha kuma. In kun riga kun saya kun tarar da naɗaɗɗiyar saiwa, ku warware ta da yatsu, wadda ta ƙi a yanke ta da reza. Ledar kuwa a cire ta gaba ɗaya, na sha ganin an binne da ita.

10. Rami ya yi faɗi, kada ya yi zurfi.
Faɗinsa ya ninka na ledar sau biyu ko uku, zurfinsa kuma daidai yadda wuyan dashen, inda saiwa ta fara, zai zauna a bakin ƙasa. Wuyan da aka binne ruɓewa yake yi a hankali ba wanda ya gani.

11. In za ku ɗaure ta a turke, ku bar mata wurin motsi.
Kaɗawar da iska ke yi wa ƙaramar bishiya ita ke sa gindinta ya yi kauri, saiwarta ta yi riƙo. Ku ɗaure da tsumma mai faɗi ko yankin tsohon tub na keke, sako-sako, ban da waya da igiyar roba mai cin jiki. Damina ɗaya ta isa, in kaka ta yi a kwance ta ta koyi tsayuwa da kanta.

12. Bokiti biyu sau biyu a mako ya fi kofi ɗaya kullum.
Saiwa ruwa take bi, in kullum a sama take samunsa ba abin da zai kai ta ƙasa. Ku yi mata gurbin ruwa mai faɗi a gindi, a zuba ruwa sosai ya nitse, a bari ƙasa ta sha iska kafin a ƙara. Bishiyar da ke bakin wurin wanke-wanke takan yi kore shar ta fi kowacce kyau, amma ita ce kan fara karkata in ƙasa ta jiƙe, don haka ku sa mata ido.

13. Kai ɗaya za ku bar mata.
Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan maganar ta zauna daram. In ƙaramar bishiya ta rabu biyu, rassan kaurinsu ɗaya suna tseren hawa sama, ku zaɓi mafi miƙewa ku rage ɗayan. Ku je ku duba mangwaron da iska ta tsaga a unguwarku: yawanci a irin wannan mahaɗar ce, mai matsattsen baki kamar tsakanin yatsu biyu, inda ɓawo ya shige ciki ya hana itacen haɗewa. Mahaɗa mai faɗi kamar bakin gwafa ita ce mai ƙarfi. Aikin da almakashin lambu zai yi a shekara ta biyu, a shekara ta sha biyar sai an kira mai inji.

14. Ku daina gundule darbejiya.
Na san al'adarmu ce: bazara ta yi, a kira yaro da barandami ya hau ya sare kan gaba ɗaya, a bar kututture tsirara, a samu itacen girki na wata biyu. Tohon da ke fitowa bayan nan a fatar itacen kawai yake manne, yana fitowa da yawa, yana tsawo da sauri, wurin saran kuma yana ruɓewa a ƙarƙashinsa. Bayan shekara uku kuna da rassa goma masu nauyi a kan ruɓaɓɓen kai, su ne ke fara sauka a kan kwano. Abin da ya fi shi ne a cire matattu, da masu gogar juna, da waɗanda suka miƙa kan rufi, a rage tsawon sauran daidai inda wani ƙaramin reshe ya fito. Kada abin da aka cire a shekara ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen. Wadda aka riga aka gundule kuwa, a zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kai, a riƙa rage sauran duk shekara.

15. Babban reshe yanka uku yake so.
Na farko daga ƙasa, kamar taƙi biyu daga jikin bishiyar, a shiga kashi ɗaya cikin uku. Na biyu daga sama, ɗan gaba kaɗan, har reshen ya faɗi. Na uku a cire guntun da ya rage daidai bayan ɗan kumburin nan da ke gindin reshe. Yankan farkon shi ke hana reshe ya yago ɓawo har ƙasa yayin faɗuwa, kumburin kuma shi ne ke rufe ciwon. Zarto ya fi adda a wannan aiki, kuma kada a shafa baƙin mai ko fenti, bishiya ta san yadda take rufe kanta. Ku yi shi a cikin rani, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

16. Kafin a haƙa komai, a auna daga gindi.
Wannan shi ya ci ni. Yawancin saiwoyin da ke riƙe bishiya a kamu ɗaya ko biyu na saman ƙasa suke, daidai zurfin da harsashin katanga, lambatu da ramin bututu ke bi. Ku auna faɗin kututturen daga gefe zuwa gefe ku ninka sau biyar: in faɗinsa kamu ɗaya ne, kada diga ta taɓa ƙasa a cikin kamu biyar. In ba makawa sai an haƙa a nan, to ku yanke shawara tsakanin ginin da bishiyar tun yanzu. Magini zai ce ba komai, ai wancan gefen na riƙe da ita. Haka aka ce mini.

17. Kada siminti ya kai mata wuya.
Dandamalin zama a gindin bishiya abu ne mai daɗi, amma in an malale tsakar gida kaf, ruwa da iska ba sa kai wa saiwa. A bar fili buɗe ko da taku biyu ne ta kowane gefe, a rufe shi da busasshen ganye ko tsakuwa. Haka kuma kada a jibge yashin gini ko ƙasar cike a jikinta wata da watanni.

18. Gindin bishiya ba juji ba ne.
Uwargida, wannan taki ce da yaran da ke shara: tara bola a gindi a cinna mata wuta yana ƙona ɓawo ta gefe ɗaya, daga nan kogo ke farawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, gara ma haka. Masu neman sassaƙen madaci ko na mangwaro don magani, in ba za a iya hana su ba, a ce su ɗiba kaɗan a tsaye ta gefe ɗaya, domin ranar da sassaƙa ta zagaye jiki bishiyar ta gama yawo. Wayar shanya da igiyar ɗaure rago ma a riƙa sassauta su, kada jiki ya haɗiye su.

19. Ku ware safiya ɗaya a watan Afrilu ku zagaya ta.
Ku buga jikin da bayan gatari daga ƙasa zuwa inda hannu ya kai. In ta amsa kamar ganga, akwai kogo. Ku duba hanyar gara, da garin itace a gindi, da naman kaza da ya tsiro a jiki ko kan saiwa, wanda alama ce ta ruɓa a ciki. Ku ɗaga kai ku nemi reshen da bai yi ganye ba alhali 'yan uwansa sun yi, da kaucin da ya yi wa reshe nauyi. Bishiyar da tun tasowarta a karkace take ba lalle ba ne matsala. Wadda bara a miƙe take bana ta sunkuya, ƙasa kuma ta tsage ko ta kumbura a bayanta, wannan kada a kwana a ƙarƙashinta ko dare ɗaya.

20. Bishiya ma tana son 'yan uwa.
Masanan Fulorida ɗin nan sun ga cewa bishiyoyin da ke rukuni, biyar ko fiye kusa da juna, sun fi tsira a kan wadda ke tsaye ita kaɗai. Manoman kwarin Majiya a jihar Tawa ta Nijar sun san amfanin haɗin tun 1975, lokacin da aka fara jera darbejiya layi bibbiyu don tare iskar da ke binne musu shuka. In kuna da kangon fili a gabas, nesa da ɗaki, ku haɗa kai da maƙwabta ku cika shi. Ku kuma kula: in an sare na kewaye aka bar ɗaya, wannan ɗayar ba ta saba da iska ba.

21. Reshen da ya tsallaka katanga, a yi maganarsa da rani.
Ku shiga wurin maƙwabci da sallama ku ce, "Alhaji, reshen nan nawa ya leƙo muku, yaushe za mu sa a rage shi?" Ya fi sauƙi a kan zaman gaban mai unguwa ana lissafin bandir ɗin kwano. Wanda ya kusa wayar lantarki kuwa ba aikin yaron unguwa ba ne ko nawa zai karɓa. Ɗanyen itace wuta na bin sa, sai ma'aikatan wuta sun kashe layin.

22. In gabas ta haɗe, kowa ya bar ƙarƙashin bishiya.
A kwashe yara, a kwance dabbobi, a janye mota da babur, mai shayi da mai faci ma su haƙura da inuwar na rabin awa. Ban da reshe akwai tsawa, wadda doguwar bishiya ke jawowa. Kada kuma ku saki jiki don an wuce farkon damina: a watan Agusta ƙasa ta sha ruwa ta yi laushi, iskar da ba ta kai ta Mayu ba tana iya tuge abin da ta Mayu ta bari.

23. Bayan iska, a duba sama kafin a duba ƙasa.
Karyayyen reshen da ya maƙale a sama yakan jira sai an taru ana kallo, wayar da ta faɗi kuma a ɗauka da wuta a jikinta har sai an tabbatar. Reshen da wani nauyi ya danne yana nan a ɗame kamar baka, in an sare shi ba dabara zai iya tashi ya bugi mai saran. Kada ku yi gaggawar sare bishiyar da iska ta kakkaɓe wa ganye kawai, ku ba ta makonni za ta toho. Ƙarama da ta kwanta, wadda faɗin jikinta bai wuce santimita 10 ba, a rufe saiwar da jiƙaƙƙen buhu, a faɗaɗa ramin, a tashe ta a ranar, a kafa mata turaku uku a shayar da ita kamar sabon dashe. Babba kuwa in ta tuge ta tuge. A kira masu faskare, a yi ciniki da su kafin su ɗora gatari.